Kula Mai Tsatsa da Zan Tafi da Ita Kanton

Wata Laraba cikin watan Mayu, ranar kasuwar Nima a Akra, rana ta take, ina zaune bakin shago ina lissafin cinikin safe, sai ga wata tsohuwar abokiyar cinikina daga Mamobi riƙe da baƙar leda. Muka gaisa, ta tambayi yara, na tambayi amarya, don ni na haɗa wa 'yarta kayan ɗaki wata huɗu kafin nan. Ta zauna kan benci, ta kwance ledar, ta ɗora mini kula a cinya. Babbar cikin saiti mai huɗu ce, mai ruwan zinare a murfi. Na buɗe. Cikinta duk ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa kamar an barbaɗa garin barkono, wajen gindi kuma ya yi baƙi.

"Hajiya, a cikin wannan aka kai wa surukinta tuwo," in ji ta. "Uwar mijin ce ta kira ni."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Shekara goma sha tana sayen kaya a hannuna. Na sa yarinyata ta hau sama ta sauko mata da wani saiti na Indiya, na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta bar mini mai tsatsar. Da la'asar na sa aka janye sauran irinsu daga kan kanta, na daina sayar da su a matsayin kayan amarya.

Waɗannan kuloli ban taɓa su da hannuna ba kafin na biya. Bara dala ta yi tsada, na ga kuɗin jirgi da otal za su cinye ribar, sai na yi oda ta waya ta hannun wani dillali da ke zaune can Caina. Ya turo hoto, ya turo bidiyo, ya ce ƙarfen 304 ne, har da lambar a buge a gindin kowace kula. Ashe buga lamba ba abin wuya ba ne. Tun daga ranar nan na ƙudura cewa baje kolin Kanton na watan Oktoban bana, 2025, da ni za a yi, in Allah ya yarda, kuma wannan kula tana cikin akwatina.

Mata da yawa a unguwannin Akra irin su Nima da Madina da Sabon Zango suna tambayata yadda ake shirin wannan tafiya, wasu a shago, wasu a wajen biki ko suna. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda ni nake yi. Wannan ce tafiyata ta uku.

Baje kolin Kanton ana yinsa a birnin Gwanzu, kudancin Caina, sau biyu a shekara, tun 1957. Na Oktoban 2025 shi ne karo na 138. Wurin sunansa Pazhou, a bakin kogi, manyan gine-gine huɗu ne da ake kira A, B, C da D, filin baje kayan ya kai murabba'in mita miliyan 1.55. Ina yarinya mahaifinmu ya taɓa kai mu filin baje koli na La, wanda aka fara amfani da shi a 1967, na dawo gida ina ba ƙawayena labarin ban taɓa ganin wuri mai girmansa ba. Ranar da na fara shiga Pazhou na tuna da shi, Allah ya jiƙansa, na ce da yana raye da na kawo shi ya gani.

Abu na farko da kowa ya kamata ya sani, kuma shi ne wanda ba a gaya mini ba, shi ne baje kolin ba a dunƙule yake ba. Zango uku ne, kowane kwana biyar. Na kaka, zangon farko daga 15 zuwa 19 ga Oktoba, na kayan lantarki ne da injuna da fitilu da kayan aikin hannu da ababen hawa. Na biyu daga 23 zuwa 27, a nan ake baje kayan kicin, tangaran, gilasai, kayan ado na gida, kujeru da kayan gini. Na uku daga 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, na yadi da tufafi da takalma da jakunkuna da kayan yara da kayan asibiti. Na bazara kuwa yana farawa 15 ga Afrilu ya ƙare 5 ga Mayu, a kan wannan tsarin. Tsakanin zango da zango ana rufe wurin kwana uku, masu kaya su kwashe nasu, wasu su zo su jera.

A 2019, tafiyata ta farko, na bi wani ayari da wani mai shirya tafiye-tafiye ya haɗa. Yawancinsu maza ne, masu sayar da kayan mota a Abossey Okai da masu kayan wuta. Ya karɓi kuɗina, bai tambaye ni me nake sayarwa ba, ni kuma ban san akwai abin tambaya ba. Muka sauka 14 ga wata. Washegari na shiga ina neman tukwane, sai janareto da famfon ruwa da injin walda iya ganina. Na yi ta yawo har ƙafafuna suka kumbura kafin wani ɗan Kumasi, mutumin Aboabo, da ya ji ina Hausa a waya, ya tsaya ya ce, "Hajiya, kayanki ai sai ranar 23." Tikitina na dawowa kuwa 21 ne. Sai da na biya kuɗin sauya tikiti, na ƙara kwana bakwai a otal daga cikin uwar kuɗina. Na ga tukwanen daga baya, amma jarin da na tafi da shi ya riga ya rame.

Saboda haka yanzu kafin na taɓa ko sidi ɗaya, kalanda nake fara ɗaukowa. Kuma ba daga ranar tashi nake lissafi ba, daga ranar da nake son kayan su hau kan kantata nake komawa baya. Cinikinmu na masu kayan ɗaki bikin aure yake bi, aure kuma a unguwanninmu na zango yana cunkushewa ne gab da azumi, sannan bayan Sallah. Azumin 2026 wajajen 18 ko 19 ga Fabrairu ne. In na ba da oda ƙarshen Oktoba, masana'anta kan ce wata ɗaya zuwa kwana 45, ni kuma na saba in ƙara musu mako guda a zuciyata. Jirgin ruwa zuwa tashar Tema, a nawa ganin, wata ɗaya da rabi ne, wani lokaci biyu. Ga kuma kwanakin fito da kaya daga tasha. In kika haɗa, kayan za su iso ne ana gab da ganin wata. Na daɗe ina kallon wannan lissafi, ina so ya ba ni abin da nake so, amma gaskiyar ita ce kayan Oktoba ba na amaren Sha'aban ba ne. Na amaren bayan Sallah ne da na Babbar Sallah. Wannan kaɗai ya sauya yawan abin da zan saya. Akwai kuma sabuwar shekarar 'yan Caina, wadda ta 2026 ranar 17 ga Fabrairu ce. Ma'aikata sukan fara tafiya ƙauyukansu tun saura makonni, masana'antu su rufe. Duk odar da ba ta shiga kwantena ba kafin ƙarshen Janairu, sai Maris.

Takardu ba ni da dogon labari a kansu, illa dai a fara da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ana yin rajistar mai saye a shafin baje kolin na intanet, daga nan ake neman takardar gayyata, da ita ake neman bizar kasuwanci mai harafin M. Ɗan ƙanwata ne ke cike mini, amma ina zaune kusa da shi yana karanto mini kowane layi, don suna ko ranar haihuwa in suka saɓa da na fasfo ni za a mayar, ba shi ba. Takardar rajistar kasuwancina, bayanin asusun banki, katin rigakafin shawara, duk suna cikin ambulan ɗaya. Katin shiga baje kolin mai hotona na tun 2019 yana nan, shi ma na ajiye shi. Na kuma sa an buga mini ƙananan katunan kasuwanci, don a can kowace rumfa kika tsaya sai sun nemi kati kafin su miƙo kundin hotunan kayansu. Jirgi kai tsaye daga Akra babu. Ko dai ta Adis Ababa, ko Dubai, ko Doha, ko Nairobi. Ni ta Adis nake bi, kuma abin da nake fara tambaya ba farashi ba ne, kilo nawa aka yarda in ɗauko a dawowa, saboda samfur.

Inda na fi daɗewa shi ne wani littafi mai baƙin bango da ke ƙarƙashin teburin shagona. Tun bayan tafiyar 2019 nake rubuta duk abin da aka dawo mini da shi, da duk abin da aka nema ban da shi. Murfin da hannunsa ya cire. Tukunyar da gindinta ya bankare a kan gawayi. Farantan tangaran da suka iso a fashe don kwalin ba shi da kauri. Butar shayi mai zubar da ruwa ta wuya. Mai waakye, wato shinkafa da wake, da ke neman kula babba wadda za ta riƙe zafi daga asuba zuwa hantsi. Matan Tamale da Bawku da suke zuwa sari, su kuma launi suke so mai haske, abin da matan Kanda za su ce ya yi yawa. Daga wannan littafi na fitar da abu uku kacal da zan nema bana: kuloli, tukwanen silba masu kaurin gindi, da manyan tire na biki. Wanda bai taɓa shiga Pazhou ba zai ce uku sun yi kaɗan. Amma wurin yana ɗauke hankali. Kin shiga neman kula, sai ga furannin roba, sai ga agogon bango, sai ga madubi mai fitila, kowanne kina ganin zai tafi a kasuwar Makola. Kafin azahar jakarki ta cika da kundaye, kanki ya cika da farashi, kin manta abin da ya kawo ki. Na ga mata sun dawo da abu iri ashirin, kowanne kaɗan-kaɗan, babu wanda suka samu farashin kirki a kansa, babu kuma mai masana'antar da ya san sunansu.

Ni kuwa mutum nake zuwa nema. A baje koli ba a saye a ɗauka kamar kasuwar Okaishie. Samfur ne a jere, a yi magana, a rubuta, a ƙera daga baya. Abin da za ki dawo da shi na gaske shi ne mai ƙira ɗaya ko biyu da kuka kalli juna ido da ido, wanda in abu ya lalace za ki kira shi ya ɗauka. Kakana bafatake ne, yana cikin masu kai goro arewa, kuma tsofaffinmu sun sha ba mu labarin yadda ayarin Kano ke yin watanni a hanya kafin ya isa Salaga, a ƙasar Gwanja. In sun iso ba kasuwa suke fara nufa ba, gidan mai masaukinsu suke sauka. Shi ya san wa ke da goro mai kyau, wa ke cuɗa sabo da tsoho, wa za a iya ba bashi. Ya ci la'adarsa, amma sunansa ne jingina. Abin da dillalin bara ya rasa ke nan. Ya ci la'ada, sunansa bai jingina da komai ba, da na kira shi kan tsatsar sai ya ce iskar tekun Akra ce.

Wani ɓangare na maganarsa gaskiya ne, shi ya sa na zauna na koyi zancen ƙarfen nan. Silbar da ba ta tsatsa iri-iri ce. Mai lamba 304 tana da kusan kashi 18 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam da kashi 8 na nikel, ita ce ke jure gishiri da tsami da laima. Mai lamba 201 an rage mata nikel an ƙara manganis don ta yi araha. A ido ba ki bambance su, sheƙinsu ɗaya. Watakila a busasshen gari ta daɗe, amma a Akra, ga iskar teku, ga miyar da aka sa wa gishiri da tumatir ta kwana a ciki, wata kaɗan ta fara ɗigo. Mata da yawa suna yawo da mayen ƙarfe suna mannawa, wai in bai kama ba ƙarfen mai kyau ne. Wannan ba ya raba 201 da 304, dukansu ba ya kama su sosai. Abin da ke rabawa wani ruwan gwaji ne a 'yar ƙaramar kwalba, ana sayar da shi can. A ɗiga a jikin ƙarfen a jira, na 201 sai ya rikiɗe ya yi ja, na 304 ya tsaya yadda yake. A can nake saya, a can nake barinsa, ba na sa shi a jirgi.

Ga yadda nake so ta kasance a kowace rumfa. In zauna, in fito da kular nan daga jaka, in buɗe ta a kan teburinsu, in yi shiru. A tafiyata ta 2023 na lura cewa wanda yake da masana'anta da gaske hannunsa ke fara magana. Zai juya abin, ya ƙwanƙwasa gindi, ya shafa bakin da yatsa, ya faɗi kaurin ƙarfen kafin a auna. Ɗan tsakiya kuwa kalkuleta yake fara jawowa. Ba na ƙin 'yan tsakiya, wani lokaci su ne ke yarda da ƙaramar oda da masana'anta za ta raina, amma ina so in san da wa nake magana. Sai in tambayi garin da suke. Kayan silba da yawa daga Caitang suke fitowa, kusa da Chaozhou, garin da ya shahara da tangaran. Wuƙaƙe da almakashi na Yangjiang ne. Filas na ruwan zafi Yongkang. Wanda ya ce yana da masana'anta amma rumfarsa akwai tukunya, akwai laima, akwai kayan wasan yara, na san amsar tun kafin ya buɗe baki. Ina neman hoton lasisin kamfanin, mai lamba 18, mai fassara ta karanta mini ko an rubuta ƙira a cikin ayyukansu ko saye da sayarwa kawai. Kuma sunan da ke kan lasisin shi nake so in gani a asusun da zan tura wa kuɗi. Asusun wani mutum shi kaɗai ban ƙara turawa ba, ko da ya ce ƙanen mai kamfanin ne.

Ina tafe da ƙaramin sikeli. Duk samfurin da na zaɓa sai na auna nauyinsa na rubuta, don hanyar da aka fi cutar mu ke nan: samfur mai kauri, kayan kwantena masu sirantaka. Nauyi, kaurin ƙarfe, lambarsa, kaurin kwali, duk su shiga takardar yarjejeniya. Samfur biyu iri ɗaya, in sa hannu a gindinsu da alƙalami mai kauri, shi ma ya sa, ya riƙe ɗaya in riƙe ɗaya. Kula kuwa gwajinta a otal yake. Da daddare in cika ta da tafasasshen ruwa in rufe, da asuba in na tashi salla in tsoma yatsa. Wadda ta huce ta faɗi, komai kyan murfinta.

Batun kuɗi shi ne ke hana ni barci, kamar kowace 'yar kasuwa a Gana. Mun ga 2022, shekarar da aka shiga dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 13, har 'yan ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA suka rufe shaguna a Akra cikin Oktoba don nuna ɓacin rai. Wadda ta sayar da kayanta a farashin jiya ta kasa maido su gobe. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo, daga sama da 15 zuwa kusa da 10 cikin 'yan watanni, wanda ya ɓoye dala mai tsada shi ya ji jiki. Na daina ƙoƙarin cin kasuwar canji. Na nemi kwasar adashinmu ta Satumba, kuma duk mako ina canza kaɗan. Ba na ɗaukar jari a jaka. Guziri kawai da kuɗin samfur. Dokar Caina ma, in kuɗin waje da ke hannunki ya wuce dala 5,000 sai kin bayyana wa kwastan. Al'adar ciniki a can kafin alƙalami kashi 30 ne, sauran 70 in an gama ƙira kafin a loda, kuma ta banki nake turawa bayan na dawo gida na kwana biyu hankalina ya kwanta. Tsakanin biyan farko da na biyu sai an je an buɗe kwalaye an duba mini, an ɗiga ruwan gwajin ina kallo ta waya.

Farashin da ake faɗa a rumfa shi ne ke ruɗar sabuwar zuwa. Ta ji kula dala kaza, ta buga da sidi, ta ga riba ninki uku. Sai a tambaya, farashin nan a ƙofar masana'anta ne ko har an ɗora a jirgin ruwa, wanda suke kira FOB? Sannan kuɗin ruwa ba da nauyi ake yi mana ba, da girman kwali ne. Kwalin da tsawonsa santimita 60, faɗi 40, tsayi 50, ya ci 0.12 na si-bi-em, wato ma'aunin girman kaya. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 abin da take ci a aikace wajen si-bi-em 28 ne. Kula iska ce rabinta, shi ya sa nake neman saitin da ke shiga cikin juna, ƙarama cikin babba. A Tema kuma akwai harajin shigo da kaya, wanda ga kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa yakan kai kashi 20, ga VAT, ga na inshorar lafiya, ga na asusun ilimi GETFund, ga kuɗin tasha, ga ejan mai fito da kaya, ga motar da za ta kawo su Nima, ga 'yan dako. Tun 2020 ta na'urar ICUMS ake lissafin kwastan. Kafin in tashi nakan je wurin ejan ɗina da hotunan abu ukun nan ya ƙiyasta mini, in rubuta a bangon littafina. A rumfa in sun faɗi farashi, wannan shafin nake buɗewa.

Masauki na riga na kama tun Yuli, don lokacin baje koli kuɗin otal ninkuwa yake. A unguwar Xiaobei nake sauka, wadda muke kira Shawbe. Da nisa da Pazhou, sai an sauya jirgin ƙarƙashin ƙasa kafin a hau layi na 8 da ke tsayawa bakin wurin, amma nan ne zangon Gwanzu. Za ki ji Hausa, ki ji Zabarmanci, ki ji Bambara da Faransanci a titi ɗaya, ga gidajen abincin Musulmin Caina masu taliyar hannu da naman halal. Otal ke yi wa baƙo rajista wurin 'yan sanda. Wadda za ta sauka gidan wani kuwa dole ta yi da kanta cikin awa 24, kada a yi wasa da wannan. Ranar 24 ga Oktoban 2025 Juma'a ce, na ware ta rabin yini. Akwai masallacin Xianxian, inda Musulmin can suke cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake malamanmu sun ce a Madina ta Saudiyya aka binne shi. Cikar da wurin ke yi ranar Juma'a, baƙi da fari da ja a sahu ɗaya, tana sa ni hawaye duk zuwa. A jakata akwai gari, da yaji, da Milo, da sallaya mai naɗewa, da takalmi shimfiɗaɗɗe. Kilishi ba ya shiga, an hana shigar da nama.

Waya ma shiri ce. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a layin can, WeChat ake yi, kuma da shi ko Alipay ake biyan kusan komai, har mai sayar da ruwa. 'Yata ta sa mini su, ta haɗa da katin bankina, tana ta koya mini. Caina tana gaban Gana da awa 8, wato lokacin da nake fitowa daga baje koli ƙarfe shida na yamma, a Nima ƙarfe goma na safe ne, ciniki ya fara zafi. Mun yi da ita a wannan lokacin za ta riƙa kirana. "Mma, in an zo neman bashi fa?" Na ce wadda sunanta ke cikin littafi a ba ta, wadda babu ta jira ni.

Makon jiya wata yarinya da ke sayar da robobi a layinmu ta same ni bayan magariba. Ta ce, "Hajiya, ina so in bi ki bana." Na tambaye ta jarinta, ta faɗa. Muka zauna muka cire jirgi, biza, otal, abinci. Abin da ya rage bai kai mafi ƙarancin odar da masana'anta ɗaya za ta karɓa ba. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ji ba daɗi, don na san wannan zumuɗin, da shi na tafi a 2019. Na ce mata, "Ƙanwata, bana ki bar kuɗinki ya yi aiki, ke ki zauna. Rubuto mini abu biyu da aka fi nema a wurinki. Zan duba miki, in ɗauko samfur, in kin gani kin yarda kayanki su shiga kwantenata, ki biya si-bi-em ɗinki." Na kuma ce ta sayi littafi ta fara rubuta abin da ake dawo mata da shi. In ta yi shekara biyu a haka, ranar da za ta shiga Pazhou ta san ƙofar da za ta nufa.

Jiya ta kawo takardar, bokiti mai murfi da kwandon wanke-wanke, har da launin da take so. Na ninke ta na sa cikin kular mai tsatsa, na mayar da murfin. Fasfona yana ofishin biza, ranar Litinin aka ce in koma.